Ƙarfe Cikin Rigar Roba: Fashin Baƙi Kan Bawul ɗin da Asid Ba Ya Ci

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ɗan ƙanwata ya shigo zaure da wani abu ƙunshe cikin tsumma, ya dire shi gabana.

"Kawu, don Allah duba mini wannan. Shi ne na uku a bana."

Kafin in kalli abin da ya ajiye, wandonsa na fara kallo. Daga gwiwa zuwa ƙasa duk ƙananan huji ne, kamar wanda ya wuni a maƙera tartsatsi yana zubo masa. Duk wanda ya taɓa hulɗa da ruwan batir ya san irin wannan hujin. Ba ya bayyana ranar da abin ya fantsamo maka, sai an kai kayan wanki.

Yaron yana aiki ne a wani ƙaramin kamfanin tace man gyaɗa da na waken suya a nan yankinmu, tsakanin Kura da Bunkure. Abin da ya kawo kuwa bawul ne mai ƙwallo, wanda 'yan falamba ke kira bol-bawul, inci biyu, na sitinles, har yanzu yana ƙyalli ta waje. Na haska cikinsa da fitilar waya. Ƙwallon da ya kamata a ce sumul yake kamar madubi ya koma kamar dutsen goge kaushi. Ka rufe hannun ruf, ka hura ta nan, iska ta fito ta can. Maigidansa, in ji shi, ya ce su yaran ne ba su iya riƙon kaya ba, ai kowa ya san sitinles ba ya tsatsa.

Na yi shekaru ina gyaran injina a wata masana'antar jima kafin in dawo gida in kama noman rani, kuma a can na ji wannan magana har ta ishe ni. Yaran ba su da laifi. An dai aiki ƙarfe inda ba ƙarfe ya kamata a aika ba.

Shi bawul mai ƙwallo ba shi da wuyar ganewa. Ɗauki goruba, ka huda ta daga wannan gefe zuwa wancan, ka cusa ta a tsakiyar bututu. In hujin ya fuskanci bututun, ruwa ya wuce. In ka murɗa ta kwata guda, wato digiri 90, gadon bayanta ya toshe hanya. Wasu zobba biyu masu laushi ne ke rungume da ƙwallon ta gaba da baya, su ke hana ɗiga. Wani ɗan sanda kuma ya haɗa shi da hannun da ke sama, shi ya sa tun daga nesa za ka san halin da ake ciki: hannu ya kwanta tare da bututu, a buɗe yake, ya gitta, a rufe yake. Duk mai rijiyar burtsatse ko injin ban-ruwa a Kadawa ya san shi, na tagulla mai jan hannu ko na farar roba.

To me ya kai asid gidan mai? Ɗanyen mai yana fitowa da danƙo da kuma wani ɗan tsami. Sai a sa masa asid na fosforik kaɗan ya kama danƙon, a bi shi da ruwan kostik ya kwashe tsamin. Abin da ya ware wani dagwalo ne mai kama da ɗanyen sabulu. Don kada a yi asararsa, sai a dafa shi da asid na salfurik, kitsen ya taso sama a sayar wa masu sabulu, ruwan tsamin ya kwanta ƙasa. A gindin wannan tankin bawul ɗin yaron yake. Ke nan abin da ke ratsa shi kullum asid ne da aka sirka da ruwa, kuma da zafinsa, dab da tafasa.

A nan ne lissafin mutane da yawa yake juyewa. Hankali zai ba ka cewa asid mai kauri ya fi sirkakke ɓarna. Ga fatar mutum haka ne, amma ga baƙin ƙarfe sau da yawa akasin haka ne. Asid na salfurik mai ƙarfin kashi 98 cikin 100, wanda lita ɗayansa ta kai nauyin kilo 1.84, ana ajiye shi a tankin baƙin ƙarfe shekara da shekaru, domin da ya taɓa ƙarfen sai ya yi masa wani siririn ɓawo, ɓawon nan ya zama katanga tsakaninsu. Ka ƙara masa ruwa, ɓawon ya narke, ya shiga cin ƙarfen kamar gara ta sami azara. In aka haɗa da zafi, saurin cin ya ƙaru.

Shi ma sitinles da ɓawo yake taƙama. Ƙarfe ne da aka gauraya da kuromiyom, aƙalla kashi 10.5 cikin 100. Kuromiyom ɗin yana haɗuwa da iska ya yi wata fata da ido ba ya gani, in ta karce ta sake tofowa. Ruwan sama, miyar kuka, gumin hannu, duk ba sa iya mata komai. Amma asid mai zafi yana wanke ta da sauri fiye da yadda take tofowa, dangin gishiri da kulorin kuma suna huda ta tsilli-tsilli. Sitinles kala-kala ne, kowane da lambarsa: lamba 304 ita ce ta kwanuka da tankunan ruwa. Lamba 316, wadda aka ƙara wa molibdenom kashi 2 zuwa 3, ta fi ta juriya, amma ita ma asid na haidurokulorik, irin wanda ake wanke tayil da shi, yana cinye ta. Kowane ƙarfe da dodonsa. Matan da ke haɗa sabulu a gida sun san ba a kaɗa kostik a tukunyar alminiyom, marinan Kura da ke rini da shi ma sun san haka. Tagulla kuwa asid yana zare mata tutiyar da ke jikinta, ya bar ta ja-ja, tana marmashewa.

Akwai ƙarafa na musamman da ke jure wasu daga cikin waɗannan ruwaye, amma tsadarsu ta fi ƙarfin ƙaramin kamfani, kuma su ma ba a rasa su da nasu shegen halin. Taitaniyom, alal misali, yana zaune lafiya da iskar kulorin mai danshi, amma in ta bushe ƙayau yana iya kamawa da wuta a cikinta.

Mafitar da aka samu, iyayenmu mata sun riga mu ganinta a jikin kayan jere. Fanteka ko langa ai ƙarfe ce da aka lulluɓe da wani abu mai kama da tangaran. Ƙarfen ya ba ta ƙwari, lulluɓin ya hana abin da ke ciki taɓa ƙarfen. A jiƙa tsamiya a ciki, a jiƙa kanwa, ba abin da zai same ta. Ranar da ta faɗi ta ɓantare, daga wannan ɗan baƙin tabon tsatsa ke shiga, har wata rana ka ɗaga ta ka hango rana. Haka bawul mai riga yake. Gangar jikinsa zubin ƙarfe ne mai ɗaukar matsin ruwa da nauyin bututu. Duk inda ruwan zai taɓa kuwa, da bangon ciki da ƙwallon da sandan da ke juya shi, an sa masa rigar wata roba ta musamman. Ruwan zai shiga ya fita bai ga ƙarfe ba ko sau ɗaya.

Ita wannan roba da tsautsayi aka same ta. Ranar 6 ga Afrilu, 1938, wani matashin masanin sinadarai a kamfanin DuPont na Amurka, Roy Plunkett, yana neman sabuwar iskar sanyaya firji. Ya buɗe tukunyar gas, ba abin da ya fito, alhali sikeli ya nuna ba fanko ba ce. Maimakon ya jefar, sai aka yanke tukunyar, aka tarar da farin gari mai santsi kamar kakin zuma. Iskar ce ta harhaɗe da kanta ta daskare. Aka jarraba narkar da garin da sinadarai iri-iri, ya ƙi. Lokacin yaƙin duniya na biyu masu tace yuraniyom don haɗa bam suka yi amfani da shi a bawul da mahaɗar bututu, saboda iskar da suke aiki da ita tana cin kusan komai. A 1945 aka yi masa rajistar sunan Teflon. Sunansa na kimiyya a taƙaice PTFE. Ka ma san shi: shi ne farin zaren nan mai santsi da ɗan falamba ke naɗawa a bakin fayif kafin ya ɗaura kan famfo, shi ne kuma a cikin kaskon suya da ƙwai ba ya kamawa.

Sirrinsa a ƙirarsa yake. Doguwar sarƙa ce ta kabon, fulorin ya kewaye ta ko'ina ya yi mata sulke, kuma riƙon da fulorin ke yi wa kabon yana cikin mafi ƙarfi da aka sani. Asid ya zo bai sami wurin cizo ba, kostik ma haka. Abubuwan da ke iya masa 'yan kaɗan ne, irin su narkakken sodiyom da iskar fulorin kanta, waɗanda ba wanda zai gamu da su a Bunkure.

Sai dai PTFE yana da taurin kai wajen ƙira. Yana narkewa a digiri 327 na ma'aunin Salshiyos, amma ko ya narke ba ya kwarara, sai ya tsaya kamar tuwon da ya ji gari. Dole a danne garinsa a gasa, kuma da wuya a sa shi ya bi kowane lungu na cikin bawul. Shi ya sa aka ƙirƙiro masa ƙanne masu narkewa su zuba: FEP a 1960, sannan PFA a farkon shekarun 1970. FEP yana aiki har wajen digiri 200, PFA har wajen 260 kamar yayansu. Yawancin bawul masu riga na kirki a yau PFA ne a cikinsu. Ana narkar da shi a tura shi da ƙarfi cikin gangar ƙarfen, wadda tun farko aka sassaƙa wa wasu ramuka masu faɗin ciki da matsattsen baki. Robar ta shiga ramukan ta daskare, ta kama ƙarfen ƙam, tunda ba wani gam da ke riƙe abu mai santsi irin wannan. Kaurin rigar ba ya gaza milimita 3 a wurin maƙeran da suka san abin da suke yi, ya ɗan ɗara tsinken ashana ke nan. Kafin ya bar masana'anta ana bin cikinsa da sandar lantarki mai ƙarfin bolt sama da 10,000. In akwai huji ko da bai kai bakin allura ba, tartsatsi zai tsallaka zuwa ƙarfen ya tona asiri.

Kada adadin 260 ɗin nan ya ruɗi mai saye. Wannan juriyar robar ce ita kaɗai. Bawul ɗin da aka haɗa gaba ɗaya galibi iyakarsa ba ta wuce digiri 200 ba, wasu ma ƙasa da haka, matsinsa kuma 10 zuwa 16 a ma'aunin matsi da ake kira bar, kuma duk yadda zafi ya ƙaru matsin da zai iya ɗauka raguwa yake.

Da na gama wannan bayani, yaron ya ce, "To ai Kawu, wanda muka sayo ma mai shagon ya ce mai Teflon ne."

Kuma bai yi ƙarya ba, abin haushin ke nan. Kusan kowane bawul mai ƙwallo, har na tagullar da ke kan tankin gidanka, zobban nan biyu da ke rungume da ƙwallon PTFE ne. Na sa tsinke na zaƙulo su daga cikin wanda ya kawo. Ga su nan farare tas, ko ƙwarzane babu, ƙarfen da ke kewaye da su ne ya zagwanye. Mai zoben Teflon daban, mai rigar Teflon daban, kuma tazarar kuɗinsu kamar ta akuya da saniya ce. Gane su ba wuya. Mai riga ba a ɗaura shi da zare irin na fayif, faifai ne da shi a kowane baki wanda ake haɗawa da noti. In ka cire murfin bakin, za ka ga robar ta fito daga ciki ta kwanta a kan faifan kamar leɓe. Ka leƙa ciki, in ka hango ƙyallin ƙarfe ko kaɗan, ajiye musu kayansu. A jikinsa kuma akwai ɗan allo da ke faɗin irin ƙarfen, irin rigar, iyakar zafi da ta matsi. Wanda ba shi da wannan allon, ni dai ba na sa shi a layin asid ko kyauta aka ba ni.

To amma ko na gasken aka samu, ba a gama ba. A abin da na gani, bawul masu riga da suka mutu a hannunmu yawancinsu ba asid ne ya kashe su ba, mu ne.

Mai walda shi ne na farko. Ya zo haɗa layi, don ya samu saiti sai ya ɗaure bawul ɗin a jikin faifan bututu, sannan ya kunna wuta ya yi waldar a haka. Zafin ya bi ƙarfe ya isa leɓen robar ya toya shi, daga waje kuwa ba abin da za ka gani. Bayan mako biyu a ga ɗiga, a ce kayan jabu ne. Ƙa'idar ita ce a gama walda, ƙarfe ya huce, a wanke layin daga ɓurɓushi, sannan a kawo bawul. Murfin da ya zo da shi ma kada a cire sai lokacin ɗaurawa, domin jan sa a ƙasa sau ɗaya ya isa ya karce leɓen.

Sai ɗaurin noti, wanda shi ne ya fi cin mutane. Wannan roba tana da wani hali: in aka danne ta, a hankali take gocewa daga ƙarƙashin nauyin, kamar yadda tabarmar roba ke lotsawa a inda ƙafar gado ta zauna. Ga shi kuma in ta ji zafi tana buɗewa kusan ninki goma na yadda ƙarfe ke yi, in ta huce ta koma. Saboda haka notin da ka ɗaure tamau yau, gobe za ka tarar ya saki. Wanda bai sani ba sai ya sa wa sifana dogon fayif ya hau da ƙafa, ya matse leɓen har ya tsage. Abin da ake yi shi ne a ɗaure a gicciye, wannan sannan na daura da shi, kaɗan-kaɗan har zagaye uku, da sifana mai awo, daidai adadin da maƙerin ya rubuta. Bayan kwana guda a dawo a sake bi. Bayan layin ya yi zafi ya huce karo na farko, a ƙara bi. Aikin minti goma ne, amma sai ka rantse kuɗi ake biya kafin a yi shi.

Akwai kuma zuƙa. Tanki mai zafi in aka toshe shi ko'ina aka tafi gida, daren hunturu ya sauko masa, tururin ciki ya koma ruwa, sai ya shiga zuƙo komai. Rigar da ba ta kama ramukanta sosai ba tana iya ɓallowa daga bango ta lanƙwashe ciki. Yashi da tsakuwa su ma abokan gaba ne, domin robar da ta gagari asid farce ma yana iya mata zane. A masana'antar jima, layin ruwan farar ƙasa mai gari-gari ba ma sa masa irin wannan, sai bawul mai tantanin roba da ake dannawa. Akwai masu ƙwallon tangaran don irin wannan wuri. Barin hannu rabi a buɗe don rage gudun ruwa shi ma yana zaizaye zobban, shi bawul mai ƙwallo ko dai a buɗe ko a rufe.

Wani abu da ba a cika faɗa wa mai saye ba: rigar ba ta ruɓewa, amma tana da numfashi. Ƙananan abubuwa irin su kulorin da haidurokulorik, musamman da zafi, suna ratsa ta sannu a hankali har su isa ƙarfen da ke baya. Dalilin kaurin nan na milimita 3 ke nan, kuma shi ya sa in ka ga tsatsa tana tsattsafowa daga jikin gangar ko wajen wuya, kada ka shafa fenti ka wuce.

Ruwan bilic yana da tasa fitinar. Yana sakin iska da kansa, kuma zafin watan Afrilu da ke haura digiri 40 a nan da Haɗeja yana ƙara masa gaggawa. In aka rufe bawul, ɗan ruwan da ya maƙale cikin hujin ƙwallon ba shi da mafita, iskar ta taru har ta iya fasa bawul ɗin roba ko ta fesa wa wanda ya zo buɗewa. Don haka ake yin ƙwallo mai ɗan huji a gefen da ruwan ke shigowa cikin bawul ɗin, da kibiya a jiki mai nuna yadda za a ɗaura. Kuma layin bilic da na asid kada su taɓa haɗuwa ko a kwata, abin da ke tashi iskar kulorin ce mai shaƙe mutum.

Duk da wannan yabo, ra'ayina shi ne yawancin masu aiki da sinadarai a karkararmu ba sa bukatarsa. Manomin da ke wanke bututun ɗigo da ɗan asid sau biyu a shekara, mai haɗa sabulun ruwa a shago, har irin aikin zuba alam da ake yi a matatar ruwa kamar ta Tamburawa ko ta Watari, duk ruwa ne mai sanyi kuma ba matsi sosai. Bawul ɗin roba zalla na PVC mai kauri ya wadatar, muddin zafi bai wuce digiri 60 ba, an kare shi daga rana, kuma an tambayi irin zoben baƙar robar da ke ciki, domin wanda ke jure kostik ba lalle ya jure asid mai ƙarfi ba. Mai riga na wurin da abubuwa suka taru ne: ruwa mai ci, ga zafi, ga matsi, ga kuma mutum tsaye a ƙarƙashi. Kafin a tambayi kuɗi, a fara amsa tambaya uku: wane ruwa ne, kashi nawa ne ƙarfinsa, zafinsa nawa. Mai shagon da bai yi maka waɗannan tambayoyi ba, sayar da ƙarfe kawai yake.

In ya tsufa kuma, kada a miƙa wa 'yan gwangwan haka nan. Al'adarsu ce su cinna wa abu wuta don roba ta ƙone ƙarfe ya fito, hayaƙin wannan roba kuwa guba ne, yana kawo zazzaɓi da ciwon ƙirji, in wutar ta yi ƙarfi ya ƙona huhu. Dangin sinadaran fulorin ɗin nan ma duniya ta sa musu ido saboda ba sa ruɓewa a ƙasa ko a ruwa. Ɗaya daga cikinsu, PFOA, wanda a da ake amfani da shi wajen haɗa Teflon, an sa shi cikin jerin abubuwan da yarjejeniyar Stockholm, ta ƙasashen duniya kan sinadarai masu guba, ta hana a 2019, a 2023 kuma ƙasashen Turai biyar, Jamus da Holan da Denmak da Nowe da Suwidin, suka gabatar da bukatar a taƙaita dangin baki ɗaya.

Ranar Litinin na bi yaron wurin aikinsu. Maigidan ya tarbe ni da mutunci, ya saurara, da ya ji kuɗin sai ya cire hula ya shafa kai.

"Malam, wannan ai ya sayi irin wancan da yawa."

"Haka ne, Alhaji. Uku ka riga ka saya a bana, ban da kwanakin da injin ya tsaya. Wandon yaron nan ma ka gani, Allah ne ya tsare ba idonsa ba ne."

Muka zagaya layin tare. Wurare biyar yake tunanin sai an canja, muka tarar guda ɗaya ne tak ke bukatar mai riga, na gindin tankin zafin. Biyu na ruwan kostik mai sanyi ne, roba ta ishe su. Sauran biyun mai ne kawai ke bi, sitinles ɗinsu lafiya lau. Na roƙe shi ya ajiye duro cike da ruwa kusa da wurin, da tabarau da safar hannu, domin wanda asid ya zubo wa ba abin da yake bukata sai ruwa mai yawa na aƙalla minti 15, ba manja ko man shanu ba.

An yi odar bawul ɗin daga Legas, ya iso bayan mako uku, na tsaya a kai aka ɗaura, washegari na koma da sifana na sake bin notin, huɗu duk sun saki. Ina tattara kayana idona ya faɗa kan famfon da ke ja daga wannan tankin. Na zubin ƙarfe ne tsirara, kuma ƙarƙashinsa siminti ya riga ya fara yin fari yana ɓarɓashi.